Yadda ake haɗa foliyuriya da fesa ta domin ta yi ƙarfi ta kuma riƙa miƙewa ba tare da ta tsage ba

Wanda ya sayi bokitin fenti ya sayi abin da masana'anta ta riga ta gama haɗawa, nasa kawai ya shafa ya jira ya bushe. Foliyuriya, wato robar da ake fesawa domin hana yoyo da tsatsa, ba haka take ba. Abin da ake kawowa wurin aiki durom biyu ne na sinadarai masu ruwa-ruwa, kuma robar da ake nema ba ta samuwa sai a lokacin da ruwayen biyu suka haɗu a bakin bindigar feshi, inda cikin daƙiƙa 5 zuwa 15 take daskarewa a kan abin da aka fesa. Saboda haka ƙarfinta da taurinta da iyakar miƙewarta duk a wurin aiki ake ƙera su, a hannun mai riƙe da bindigar, kuma kuskuren da aka yi a waɗannan daƙiƙun ba ya gyaruwa sai an kankare an sake.

Asalin wannan fanni yana komawa ga aikin Otto Bayer da abokansa a Jamus a shekarar 1937, lokacin da suka samar da foliyuretan, 'yar'uwar foliyuriya. Fasahar fesa foliyuriya kuwa a Amurka aka bunƙasa ta a shekarun 1980, a kamfanin sinadarai na Texaco. Yanzu ana shimfiɗa ta a kan rufin kankare mai yoyo, da cikin tankunan ruwa, da bayan motar a-kori-kura, da jikin bututun ƙarfe don hana tsatsa.

Mataki na farko: a san abin da ake ƙerawa

A durom na farko, wanda ake kira ɓangaren A, akwai aisosayanet. A na biyu, ɓangaren B, akwai gaurayen sinadarai na dangin amin. Idan aisosayanet ya haɗu da amin sai su ƙulla abin da ake kira haɗin yuriya, kuma ba sa bukatar wani sinadarin da zai zaburar da su, domin haɗuwar tana da sauri ƙwarai. Idan kuwa aka sa wani dangin sinadari da ake kira foliyol a madadin amin, foliyuretan ce za ta fito, wadda haɗuwarta ta fi jinkiri kuma danshi ya fi yi mata illa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin da ke faruwa a ciki ita ce a dubi ragar masunta. Raga zare ce da ƙulli: zaren ne yake ba ta damar buɗewa da lanƙwasa, ƙullin kuma shi yake hana ta warwarewa. A cikin foliyuriya, dogayen sarƙoƙin amin su ne zaren, ana kiransu gaɓoɓi masu taushi, kuma ba sa sandarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 50 ƙasa da sifili. Ƙullin kuwa yana samuwa ne inda aisosayanet ya haɗu da gajerun amin, wato gaɓoɓi masu tauri. Waɗannan gaɓoɓi ba sa son cuɗanya da masu taushi, sai su tattaru wuri guda su riƙe juna da haɗin haidurojin, kuma kowane haɗin yuriya da hannu biyu yake riƙo, alhali na yuretan hannu ɗaya yake da shi. Daga nan ne foliyuriya take samun juriyar yagewa da juriyar zafi. Idan ƙulli ya yi yawa za a sami abu mai tauri mai saurin karyewa, idan kuma ya yi kaɗan za a sami abu mai laushi da ba ya komawa yadda yake bayan an ja shi. Duk sauran matakan da ke tafe hidima ce ga wannan daidaito.

Mataki na biyu: a zaɓi sinadaran gwargwadon aikin

Kafin a nemi farashi, a fara tantance abin da shimfiɗar za ta fuskanta. Rufin kankare yana buɗewa da rana yana tsukewa da dare, yana kuma yin ƙananan tsaga, don haka yana bukatar roba mai miƙewa da za ta haye tsagar ba tare da ta yage ba. Bayan mota kuwa gogayya da dukan kaya yake sha, shi tauri ya fi yi masa amfani.

A ɓangaren A, abu na farko da za a duba a takardar bayanin kaya shi ne nau'in aisosayanet ɗin. Mafi yawan abin da ke kasuwa na MDI ne, dangin aromatik, wanda yake da ƙarfi da sauƙin kuɗi, sai dai hasken rana yana sauya masa launi ya koma rawaya-rawaya ko ya dushe. Dangin alifatik, irin su IPDI da HDI, suna riƙe launinsu a rana, amma sun fi tsada. A ganina, ga rufin da rana za ta gasa shekara da shekaru, dabarar da ta fi dacewa ita ce a yi jikin shimfiɗar da aromatik sannan a rufe samanta da siririn shafi na alifatik. Abu na biyu shi ne adadin NCO, wato kason da sassan aisosayanet masu neman haɗuwa suke da shi a cikin nauyin ruwan. Kayan feshi da yawa suna kusa da kashi 15 zuwa 16 cikin 100. Idan adadin ya haura, gaɓoɓi masu tauri suna ƙaruwa, shimfiɗar ta fi tauri da ƙarfin ja, miƙewarta kuma ta ragu. Idan ya sauka, ana samun taushi da miƙewa, amma ruwan yakan fi kauri, wanda hakan yake wahalar da gaurayawa.

Ɓangaren B ya fi yawan zaɓi. Ginshiƙinsa doguwar amin ce mai baki biyu, wato wurare biyu da take kama aisosayanet da su, irin Jeffamine D-2000, wadda nauyin ƙwayarta yake kusa da 2000, ita ce take ba da miƙewa. Ana ƙara kaɗan daga mai baki uku, irin T-5000, domin ta ɗinke sarƙoƙin da juna ta yadda shimfiɗar za ta riƙa komawa siffarta bayan an danne ta, amma idan ta yi yawa miƙewa da juriyar yagewa suna raguwa. Sai kuma gajeriyar amin mai gina ƙulli, wadda aka fi sani da DETDA. Masu haɗa kaya sukan maye wani kaso nata da amin masu jinkirin haɗuwa, kuma wannan yana da fa'ida biyu: ruwan yana samun 'yan daƙiƙun da zai malala ya shiga ramukan kankare ya kama da kyau, gaɓoɓi masu tauri kuma suna samun sararin jeruwa kafin komai ya daskare.

A yi hattara da kayan da aka gauraya wa foliyol a ɓangaren B amma ake sayar da su da sunan foliyuriya. Ba wai ba su da amfani ba ne, suna da nasu wurin kuma sun fi araha, sai dai ba sa jure danshi lokacin feshi kamar tsantsar foliyuriya, kuma bai kamata a biya kuɗin tsantsa a karɓi gauraye ba. Idan tankin ruwan sha ne, a nemi kayan da ke da shaidar dacewa da ruwan sha, irin ta NSF/ANSI 61.

Mataki na uku: a yi lissafin ma'auni

Injinan feshi da yawa suna tura A da B kai ɗaya, wato lita ɗaya da lita ɗaya. Amma abin da ya dami sinadaran shi ne yawan hannayen da za su riƙe juna, kuma an saba barin aisosayanet ya ɗan rinjayi amin da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, domin danshin iska da na bango yana cinye wani abu daga cikinsa. Ko da ba kai ne mai haɗa kayan ba, yana da kyau ka bi wannan lissafin sau ɗaya, domin shi zai nuna maka inda haɗarin yake.

Ana raba 4200 da adadin NCO a sami nauyin da ke ɗauke da ma'auni ɗaya na hannayen aisosayanet, kuma ma'auni ɗaya na aisosayanet yana riƙe ma'auni ɗaya ne na amin. Idan adadin 15 ne, amsar giram 280 ce. Ɓangaren A ya ɗan fi B nauyi, don haka a ce giram 110 na A ne suke haɗuwa da giram 100 na B, kuma idan aka raba 110 da 280 ana samun ma'auni 0.393 na aisosayanet. Yanzu a ɗauki misalin B mai giram 63 na D-2000, da giram 10 na T-5000, da giram 27 na DETDA. Na farko yana ba da 0.063 domin kowane ma'auni nasa yana cikin giram 1000, na biyu kusan 0.006, DETDA kuwa, da yake ma'auninta yana cikin giram 89 kacal, tana ba da 0.303. Jimla 0.372 ke nan, kuma idan aka raba 0.393 da ita ana samun kusan 1.06, wanda yake cikin iyakar da ake so.

Abin lura a nan shi ne DETDA ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin durom ɗin da yawa ba, amma tana riƙe da sama da kashi 80 cikin 100 na hannayen amin. Wannan ne ya sa bai halatta a tsarma ɓangaren B da wani abu ba, ko a haɗa ragowar durom na wani kamfani da na wani, komai kamannin launinsu. Idan A ya yi rinjaye fiye da kima, shimfiɗar tana fitowa da tauri da gautsi, tana tsagewa idan aka lanƙwasa ta. Idan B ne ya yi rinjaye, tana fitowa da laushi da danƙo, sarƙoƙin sun gajarta, kuma ana iya yaga ta da hannu.

Mataki na huɗu: a gyara wurin da za a fesa

Mafi yawan shimfiɗar da ta ɓare ba sinadaranta ne suka gaza ba, wurin da aka ɗora ta ne bai shirya ba. Sabon kankare sai ya yi kwana 28 kafin a taɓa shi. A goge samansa da injin gurza ko a buga masa yashi da iska har sai farar ƙurar siminti ta sama ta tafi, ya zama yana da kaushi. A cike ramuka da manyan tsaga, a kuma zagaye kusurwar da bango ya haɗu da daɓe domin kada robar ta karye a nan. Ƙarfe kuwa ana buga masa yashi har ya kai matakin tsabta da ake kira Sa 2½, babu tsatsa babu maiƙo, a kuma rufe shi a ranar kafin tsatsa ta dawo.

Danshi ne babban abokin gaba, kuma dalilin a bayyane yake: idan aisosayanet ya gamu da ruwa yana fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda take zama kumfa da ƙananan huji a cikin shimfiɗar, sannan aisosayanet ɗin da ruwan ya cinye ya fita daga lissafin da aka yi. Danshin kankare kada ya wuce kashi 4 cikin 100. Idan babu na'urar awo, a manna farar leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe a kan kankaren, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. In aka ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashinta ko kankaren ya yi duhu, a ƙara jira. Bayan haka a shafa shafin farko da masu kayan suka ba da shawara, yawanci na efoksi ko na foliyuretan, domin ya toshe ƙofofin kankaren, a kuma fesa foliyuriyar cikin wa'adin da aka rubuta masa.

Mataki na biyar: a zaɓi lokaci

Zafin abin da za a fesa ya zama ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. A ƙasar Hausa wannan yana nufin a guji sanyin safiya a lokacin damina, ko da ido bai ga jiƙa ba. Hunturu yana da bushewar da ake so, sai dai ƙurarsa tana kwanciya a kan shafin farko ta hana kamawa, iskarsa kuma tana kwashe feshin ta kai shi kan motoci da tagogin maƙwabta, don haka sai an kafa kariya. Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa: kankare yana fitar da iskar da ke cikinsa lokacin da yake ɗaukar zafi, daga hantsi zuwa azahar, kuma wannan iskar tana huda shimfiɗar tun tana ɗanya. Bayan la'asar, lokacin da kankaren ya fara hucewa, iskar ciki take komawa, shi ya sa yamma ta fi dacewa da aikin rufi.

Mataki na shida: a shirya mutane da inji

Tururin aisosayanet da ƙurar feshinsa suna jawo asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ma yana tayar masa da ciwon har ƙarshen rayuwarsa. Takunkumin tsumma ba ya tare shi. Mai feshi da mataimakinsa su sa abin rufe fuska mai kawo iska mai tsabta ta tiyo, musamman a cikin tanki, da rigar da ta rufe jiki duka da safar hannu. Duk ɗan kwangilar da ya tura yaro cikin tanki babu wannan kariya ya zalunce shi, komai kyan aikin da aka yi.

A motsa durom ɗin B sosai kafin a fara, domin launi da wasu abubuwa suna kwanciya a ƙasa. Durom ɗin A kuwa a kiyaye shi daga iska, a sa masa abin tsotse danshi a bakin da iska ke shiga, domin ruwa kaɗan yana sa shi yin ɓawo da tsakuwa masu toshe matata. Kada famfon da ya taɓa A ya shiga B.

Injin yana dumama ruwayen biyu zuwa tsakanin digiri 65 da 75, tiyon ma yana da nasa abin dumamawa har zuwa bindiga, matsin kuma yakan kasance tsakanin bar 140 da 200, gwargwadon abin da masu kayan suka rubuta. Ba don robar ta bushe da wuri ake wannan zafin ba. Ana yin sa ne domin ruwayen su tsinke, kaurinsu ya kusanci juna, saboda a cikin bindigar babu wani abin motsawa: ruwayen biyu suna shigowa ta ƙananan ƙofofi su yi karo da juna da ƙarfi, kuma wannan karon shi ne dukan gaurayawar da za su samu. Idan zafi ko matsi ya gaza, wani sashe yana fitowa da A da yawa wani da B da yawa, a sami shimfiɗa mai zane-zane wadda wani wurinta gautsi wani danƙo, alhali lissafin durom daidai yake. A riƙa kallon agogon matsi na A da na B lokacin da ake feshi. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kamar kashi 10 cikin 100, a tsaya a duba matata da ƙofofin bindiga, domin wani ɓangaren ya fara toshewa.

Mataki na bakwai: a fesa

A fara a kan kwali har sai feshin ya buɗe daidai, launinsa ɗaya, ya kuma daskare cikin lokacin da aka sa ran. A riƙe bindigar a miƙe tana fuskantar wurin, tazarar kamar santimita 60 zuwa 90, a tafi da sauri ɗaya, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, zagaye na biyu kuma ya gitta na farko. A fara da kusurwoyi da bakin magudanar ruwa da gindin bututu. Kaurin da aka saba nema don hana yoyo milimita 2 ne zuwa 3, kuma da yake babu abin da ke tashi daga cikinta ya bar ta, lita ɗaya ta gaurayen tana ba da milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, ban da abin da iska ta kwashe. Da wannan mai gida zai iya kwatanta yawan kayan da aka ƙarar da faɗin rufinsa ya gane ko an rage masa kauri. Kada a tara kaurin duka a zagaye ɗaya, domin haɗuwar tana fitar da zafi, kuma shimfiɗa mai kauri tana tsukewa idan ta huce har ta ja gefunanta. Idan aka tashi aka dawo washegari, sai an gurza bakin tsohon aikin an shafa masa abin da zai sa sabon ya kama.

Mataki na takwas: a jira, sannan a gwada

Cikin minti ɗaya ana iya taɓa ta, kuma bayan kamar awa ɗaya ana iya taka ta a hankali, amma wannan bai nuna ta kai ƙarfinta ba. A awannin farko tana iya gutsurewa idan aka ja ta, domin gaɓoɓi masu tauri suna ci gaba da jeruwa, ragowar aisosayanet kuma yana ƙarasa haɗuwa. Cikakken ƙarfi yana zuwa ne cikin kwanaki, shi ya sa ake yin gwajin ƙarshe bayan kwana 7, kuma kada a cika tanki ko a ɗora kaya masu nauyi kafin wa'adin da masu kayan suka ba da.

A kowace ranar aiki a fesa wani yanki a kan leda mai kauri, wadda foliyuriya ba ta kama ta, a ɓare shi a rubuta masa kwanan wata da zafi da matsin da aka yi amfani da su. Daga wannan yankin ake yanka samfurin da za a kai ɗakin gwaji a ja shi bisa ƙa'idar ASTM D412. Kayan feshi masu kyau sukan ba da ƙarfin ja tsakanin megafaskal 15 da 25 (megafaskal ma'aunin ƙarfin ja ne ko matsi), su kuma miƙe ninki uku zuwa biyar na tsawonsu kafin su tsinke. Ana auna tauri da ƙaramar na'ura mai allura bisa ma'aunin Shore, a kwatanta da abin da ke takardar kaya: idan ya yi ƙasa sosai ana zargin rinjayen B ko ƙarancin zafi, idan ya haura kuma samfurin yana karyewa ana zargin rinjayen A. A yanka gefen samfurin da reza a duba cikinsa, ya zama curi ɗaya babu kumfa babu hawa-hawa.

A kan aikin kansa, a zagaya ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, domin wurin da bai kama ba yana ba da ƙarar fanko. A kan kankare ana manna ƙaramin ƙarfe a fizge shi da na'ura, kuma sakamakon da ake so shi ne kankaren ya ɓalle tare da robar a maƙale, ƙarfin fizgar kuma ya kai aƙalla megafaskal 1.5. A kan ƙarfe ana bi da na'urar tartsatsi mai gano hujin da ido ba ya gani. Duk inda aka sami ƙurji ko ɓarewa, a yanke shi har zuwa inda robar ta kama da kyau, a duba bayansa: idan akwai jiƙa ko kumfa, danshi ne, idan akwai danƙo, ma'auni ne ya karkace, idan kuwa ƙurar siminti ce ta biyo shi, gurzar ce ba ta isa ba. A gyara dalilin, a gurza gefen da santimita 10 zuwa 15, a shafa shafin farko, sannan a sake fesawa ya hau kan tsohon.